Aji Huɗu Ba Karatu: Nazarin Lamarin Wani Yaro a Kano

Gidan da makarantar

Yaron shi ne na uku cikin 'ya'ya biyar, a wani gidan haya da ke wata unguwa a wajen badalar Kano. Mahaifinsa yana da shagon tireda a bakin titi, ya shiga sakandare bai ƙarasa ba. Mahaifiyarsa a aji shida na firamare ta tsaya aka yi mata aure, yanzu tana soya awara da yamma. Kakarsa ta wajen uba tana zaune tare da su. Ni maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba mu, na yi shekara 26 ina koyarwa a firamare kafin na yi ritaya. Ranakun da alƙaluman da ke nan na ɗebo su ne daga littafin da na riƙa rubuta bayanin yaron a ciki, kuma iyayen sun yarda in fitar da su muddin ban kama suna ba.

An sa shi aji ɗaya a makarantar gwamnati a Satumba 2019. Bai gama zango na biyu ba aka rufe makarantu saboda korona a ƙarshen Maris 2020, ba a koma ba sai Oktoba. Da aka koma aka gaggauta abin da ya rage, aka wuce da ajin gaba ɗaya zuwa aji biyu. Haka ya hau aji uku, haka ya hau aji huɗu, ba a taɓa cewa ya maimaita ba.

Manhajar firamare ta Najeriya hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, NERDC, ce ke tsara ta, a ƙarƙashin shirin ilimin bai-ɗaya na shekara tara da dokar 2004 ta kafa. Manufar ilimi ta ƙasa, yadda take a lokacin, ta ce shekara uku na farko a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, Turanci ya tsaya a matsayin darasi guda. A tsarin wancan lokacin, daga aji huɗu ne Turanci ke fara karɓar ragamar koyarwa. A nan ne kuma darussa ke ƙaruwa, a kawo noma da tattalin gida a kan Lissafi, Turanci, Hausa, Kimiyya da Fasaha, da Addini. Duk an gina wannan a kan zaton cewa kafin yaro ya taka aji huɗu ya riga ya iya karanta abin da aka rubuta shi kaɗai.

Oktoba 2022: yadda aka gano

Wata Juma'a da yamma wani abokin ciniki ya turo wa mahaifin saƙo ta waya, da Hausa, yana lissafa kayan da za a haɗa masa. Hannun mahaifin duk manja, sai ya miƙa wa yaron wayar ya ce ya karanta masa. Yaron ya ƙura wa wayar ido, can ya ce, "Shinkafa da mai." Mahaifin ya goge hannu ya karɓa. Suga ne da madara da ganyen shayi. A daren nan yaron ya sha bulala.

Washegari mahaifiyar ta shigo wurina. "Malama, don Allah ki duba min yaron nan. Malam, babansa, ya ce daƙiƙi ne, ni kuwa kullum ina jin sa yana karatu a ɗaki."

Na gwada shi ranar Asabar 22 ga Oktoba. Na fara da littafinsa na Kimiyya. Ya karanta shafi guda tiryan-tiryan, yatsa na bin layi. Da na nuna kalma ɗaya a tsakiyar shafin, sai ya koma farkon jimlar yana raɗa har ya iso wurin. Waƙar ABCD ya rera ta har ƙarshe, amma da na warwatsa haruffan, 14 ya gane cikin 26, duk da sunansu na Turanci. Na rubuta kalmomin Hausa 20 masu gaɓa biyu, ya karanta 3: baba, mama, Kano. Na ba shi ɗan labari mai kalma 60, bai fita daga layin farko ba. Rubutunsa kuwa kamar a wanke hannu kafin a taɓa, domin shekara uku ya yi yana kwafa daga allon aji. A lissafin baka ba shi da matsala, canjin naira 500 nan take yake fitar da shi. Lissafin da aka rubuta da zance shi ne yake tsallakewa. Katin sakamakonsa na ƙarshen aji uku ya nuna ya zo na 47 cikin 86.

Na gaya wa iyayen cewa haddace shafuka yake yi, kuma a ganina a mayar da shi tushe. Mahaifin bai ji daɗin maganar ba. "Haba Malama, yaro yana aji huɗu a mayar da shi a, ba, ca, da? Ai sai ƙannensa su yi masa dariya." Ya ce zai nemo malamin lesin.

Nuwamba 2022 zuwa Fabrairu 2023: malamin lesin

An samo wani ɗalibin kwalejin ilimi, yaro mai natsuwa da ladabi. Yana zuwa sau uku a mako, awa guda, a kan naira 6,000 a wata. Mahaifin ya kuma sayi littattafan aji huɗu guda huɗu na naira 9,500. Ta katanga nakan ji yadda darasin ke tafiya. Malamin ya buɗe aikin gida, ya karanta, yaron ya maimaita. Ya faɗi amsa, yaron ya rubuta. Da jarrabawa ta matso, ya bi abin da ke cikin littafin rubutu yana biya masa har ya zauna.

A jarrabawar Disamba yaron ya zo na 38. Mahaifin ya aiko min da katin in gani.

Cikin wannan zangon ne, a ƙarshen Nuwamba, ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya sanar da cewa gwamnatin tarayya ta amince a riƙa koyarwa da harshen uwa duk shekara shida na firamare. A ajin yaron ba abin da ya motsa. Littattafan Turanci ne, malamar ajin ta karanta da Turanci, ta yi bayani da Hausa, ta rubuta a allo, yara sama da 80 su kwafa.

Na sake gwada shi ranar 14 ga Janairu 2023 da wasu kalmomi 20 na daban. Ya karanta 4. Labarin mai kalma 60 har yanzu bai wuce layin farko ba. Na faɗa wa mahaifiyar, ta ce ba za ta iya kai wa Malam wannan maganar ba alhali kati yana hannunsa.

Canjin kuɗi ne ya kawo ƙarshen lesin ɗin. A Fabrairu takardar naira ta yi wuyar samu, ciniki ya tsaya a shago, aka ba malamin haƙuri bayan wata uku.

Maris zuwa Afrilu 2023: yaya da waya

Aka ɗora wa yayarsa, wadda ke aji biyu na ƙaramar sakandare, ta riƙa koya masa. Ta sauko da bidiyoyin haruffan Turanci a wayar mahaifinsu. Yaron ya ƙaru da waƙoƙi uku. In ta ce ya karanta ya kasa, sai ranƙwashi, sai kuka, sai Kaka ta shiga tsakani. Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, kowa ya gaji, abin ya mutu bayan mako uku.

Cikin goman ƙarshe wani abu ya faru. Yaron ya wanke allonsa, malaminsu na makarantar allo ya rubuta masa sabon karatu ya ce ya dawo bayan la'asar a biya masa. Mahaifiyar tana yanka awara ta ji shi a gindin turmi yana jan ayar a hankali, yana tsayawa, yana komawa, yana gyarawa.

"Wa ya biya maka?"

"Ba kowa, Umma. Haɗawa na yi."

Ta bar wuƙar ta shigo wurina da allon a hannu. Na rubuta masa kalmomin Larabci guda goma da wasulansu, waɗanda ba ya cikin abin da ya haddace. Ya haɗa takwas. Ya yi babbaƙu, ya yi farfaru, ya san yadda baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da sauti. A boko ne kawai ba wanda ya taɓa nuna masa cewa haka abin yake.

Na ce mata ita za ta koya masa. Ta yi dariya ta ce, "Ni da ban yi boko ba, Malama?" Na tambaye ta littattafan Hausar da ke ƙarƙashin matashinta, waɗanda take aro wurin 'yar'uwarta ta cinye guda cikin kwana biyu, wa ke karanta mata su. Ta ce ai wannan Hausa ce, ba karatu ba.

Mayu zuwa Agusta 2023: kwalin taliya da gawayi

Sun fara ranar Litinin 1 ga Mayu. Zaman minti 15 ne bayan sallar asuba, kafin koko ya huce, kwana shida a mako. Mun zaɓi asuba ne saboda da yamma akwai Islamiyya da suyar awara, da dare kuma ba tabbacin wuta. Kayan aiki kwalin taliya ne da aka yayyanka, da gawayi, daga baya aka sayi maka, alƙalamin nan mai kaurin rubutu. Ni ban zauna musu ba. Ran Lahadi nakan nuna mata abin da za su yi a makon, ita ta yi.

Makon farko ya tafi a rikicin wasula. Yaron ya san su da sunan Turanci, kuma sunayen suna cin karo da sautin Hausa. In ya ga *a* sai ya ce "e", in ya ga *e* ya ce "i", in ya ga *i* ya ce "ai". Duk kalmar da ya haɗa sai ta fito wani abin da ba Hausa ba. Ni na ba da shawarar a yi ta maimaita biyar ɗin har su zauna, aka yi kwana shida ba ci gaba. Mahaifiyar ce ta samo hanya. Ta ajiye *e* da *o* gefe, ta ce masa *a* wasali bisa ne, *i* wasali ƙasa, *u* kuma rufu'a, sai dai a boko ba a ɗora su sama ko ƙasa, a gefen baƙin ake ajiye su. Ta jera ba, bi, bu. Ya kalla ya ce, "Farfaru ne ashe." Cikin kwana huɗu ya bi ta kan baƙaƙe goma da wasulan nan uku. A mako na uku aka dawo da *e* da *o*, suka shiga ba gardama.

Allon ya zo da nasa cikas. In aka jera katuna biyu sai ya faro daga dama, *kasa* ta zama *saka*. Ta riƙa ajiye murfin kwalba a hagu, daga nan ake tashi. *b* da *d* sun daɗe suna ruɗa shi, har cikin Yuli yakan juya su in ya yi sauri. Gaɓar da ta ƙare da baƙi, irin ta *kan* da *tas*, ta kira masa ita ɗauri, ya gane nan take. Haruffa masu lanƙwasa ta koyar da su bibbiyu, *kafa* da *ƙafa*, *baki* da *baƙi*, tana sa shi ya faɗi ma'anar kowace kafin a wuce. Sai *sh*, *ts*, *ky*, *gw* da 'yan'uwansu, waɗanda suka ci mako biyu.

Gwajin 3 ga Yuni: kalma 13 cikin 20, kuma a labari kalma 11 a minti guda.

Daga nan katuna suka fara gundurar sa, gidan kuma ba littafin Hausa na yara ko ɗaya. Sai aka jawo Kaka. Da dare ta yi tatsuniya, mahaifiyar ta rubuta rabin shafi da manyan haruffa, da asuba yaron ya karanta wa Kaka. Kwana biyar abin yana tafiya kamar ruwa, har mahaifiyar ta lura yana faɗin kalmomin da ba ta rubuta ba. Tsohuwar ɗabi'ar ce ta dawo, tatsuniyar da ya ji da dare yake maido musu. Ta fara sauya labarin wajen rubutawa. Gizo ya bar zuwa daji ya koma zuwa Kasuwar Kurmi, Ƙoƙi ta hau a-daidaita-sahu. Duk inda ya yi saurin faɗin abin da ya ji a bakin Kaka sai ya faɗa rami, dole ya koma ya duba takarda. Kaka ta ce ita ba ta san wannan Gizon na zamani ba, amma ba ta fasa zama sauraro ba.

Mahaifin bai ce komai ba duk tsawon wannan lokaci. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu farashin kaya ya riƙa sauyawa, takardun farashin da ke shago suna bukatar sabuntawa a kai a kai. Wata Asabar cikin Yuli ya ce yaron ya biyo shi. Ya sa shi rubuta sunan kaya da kuɗinsu a kwali, daga baya ya bar masa littafin bashi yana faɗa yana rubutawa. A gida kuma mahaifiyar ta riƙa rubuta tambayoyin ciniki, mudu kaza a kan kaza, an ba ka kaza, nawa ne canji, sai ya karanta da kansa kafin ya lissafa.

Sakamakon ƙarshen aji huɗu ya fito a ƙarshen Yuli. Na 52 cikin 84. Jarrabawar da Turanci aka yi ta, kuma wannan karon ba wanda ya biya masa amsoshi. Mahaifin ya shigo da katin ya ajiye a gaban matarsa ya ce ga amfanin kwalinta nan. Ta roƙe shi ya bar su zuwa ƙarshen hutu. Ya ce ba shi da kuɗin lesin ko da ya so, su yi abin da suka ga dama.

A Agusta zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yaron kwana 12. Gwajin 26 ga Agusta: kalma 19 cikin 20, kalma 31 a minti.

Satumba 2023 zuwa Maris 2024: Turanci

Da aka koma aji biyar mahaifiyar ta je makarantar, karo na farko tun da aka sa shi. Ta roƙi malamin ajin ya rubuta mata batutuwan da za a yi a zangon mako-mako. Ya yi mamaki, ya ce ba a taɓa tambayarsa wannan ba, ya kwafo mata daga jadawalinsa a takarda biyu. Da wannan takardar yayar ta samu aikin da ta iya. Daren Lahadi ta duba batun makon a littattafan da aka saya bara ko a nata tsofaffi, ta yi masa bayani da Hausa, minti goma. In malami ya zo maganar sassan tsiro ko yadda ruwa ke zama tururi, yaron ya riga ya san inda aka dosa. Ranƙwashi bai sake shiga ba, domin ba karatu take sa shi ba, hira suke yi.

Karatun Turanci ni na karɓa, sau biyu a mako, tunda nan mahaifiyar ba ta da ta cewa. Ya tafi a hankali ƙwarai. Yaron ya saba harafi ɗaya sauti ɗaya, ga shi ya shigo harshen da *a* kaɗai ke da sauti uku ko fiye, *c* wani lokaci ta zama *k* wani lokaci *s*, wasu haruffan ma a rubuta su a ƙi furtawa. Yakan karanta kalmar Turanci da sautin Hausa, ya ɗago ya dube ni ko ta yi ma'ana. A Hausa kunnensa ne ke gaya masa in ya yi kuskure. A Turanci ba shi da wannan alƙalin, domin yawancin kalmomin bai taɓa jin su ba.

A Disamba mahaifiyar ta haihu, zaman asuba ya tsaya kusan mako bakwai, ni ma na yi tafiya. Gwajin 10 ga Fabrairu 2024 ya nuna Hausa ta hau zuwa kalma 48 a minti duk da tsaikon. Ashe ya riƙa karanta duk abin da ya gani, rubutun bayan motoci, allon shaguna, har littattafan mahaifiyarsa, waɗanda ta kwashe ta kulle a akwati da ta gane, tunda ba na yara ba ne. Turanci kuwa ya sauko daga 18 a Nuwamba zuwa 14.

Yuli 2024: inda aka tsaya

Gwajin 20 ga Yuli: Hausa kalma 63 a minti, ya amsa tambayoyi 5 cikin 5 a kan labarin. Turanci kalma 27 a minti, ya amsa 2 cikin 5. A jarrabawar ƙarshen aji biyar ya zo na 24 cikin 81. Lissafi ne ya fi ɗaga shi, sai Hausa da Addini. Lesin da littattafai sun ci naira 27,500. Zaman asuba, in aka haɗa littattafan rubutu da maka, bai kai naira 2,000 ba.

Abin da na gani a lamarin

Malamin lesin bai yi ha'inci ba, aikin da aka ɗauke shi ya yi. Aji huɗu aka ce ya koyar, ramin kuwa yana aji ɗaya, a watannin da aka rufe makarantu. Manhaja ba ta waiwaye. Tana da abin da za a yi kowane mako, kuma malamin da ke da yara 80 a gabansa bin jadawalin kawai zai iya. Ban ga laifin malaman ajin ba a wannan, na tsaya a irin wurin da suke tsaye.

Katin sakamako ya ɓatar da gidan sau biyu. Ya hau a Disamba 2022 lokacin da yaron bai ƙaru da komai ba, ya faɗi a Yuli 2023 lokacin da karatu ya fara kama shi. Jarrabawar da ake ɗebowa daga littafin da aka kwafa, mai hadda ne ke cin ta. Takarda ɗaya da kalmomi 20 da yaro bai taɓa gani ba ta fi katin faɗin gaskiya, kuma duk mahaifin da ya iya karanta saƙon waya zai iya yin wannan gwajin a tsakar gida.

Hausa ta yi aiki saboda rubutunta yana bin furuci kusan sau da ƙafa, kuma yaron ya san ma'anar abin da yake haɗawa. Amma abin da ya gajarta hanyar shi ne makarantar allo, wadda ta riga ta koya masa haɗa baƙi da wasali tun yana shekara shida. Nan nake da nawa laifin. A Oktoba na gwada shi ta kowace fuska ban tambayi allonsa ba, domin shekara 26 na yi ina ɗaukar karatun can daban na nan daban. Wata shida aka yi asara kafin uwarsa ta ji da kunnenta. Na kuma faɗa wa mahaifin maganar komawa tushe a gaban matarsa da 'ya'yansa, ta yadda ba zai iya karɓa ba. Da na same shi a shago shi kaɗai, wataƙila da ba a kashe kuɗin lesin ba.

Turancin bai warware ba. Haɗa sauti ya bi shi daga Hausa, amma kalmomi ba su bi ba, kuma gidan ba mai yin Turanci da zai ji a bakinsa. Zaman sau biyu a mako da maƙwabciya, wadda ba kowane gida ke da irinta ba, kalma 27 ya kai shi. Yanzu zai shiga aji shida, jarrabawar shiga sakandare kuma da Turanci ake yin ta. Mahaifin ya tambaye ni ko ya roƙi shugaban makarantar a bar yaron ya maimaita aji biyar. Na ce masa in za a bi tawa a bar shi ya maimaita. Mahaifiyar ba ta yarda ba, ta ce abokansa za su wuce su bar shi kuma zuciyarsa za ta karye daidai lokacin da ya fara son makaranta. Sun ce za su yanke shawara kafin a koma hutu.